In Ka Mutu Ka Miƙa

Talata, 4 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Ina zaune a kan bencin asibiti, littafin nan a cinyata. Littafin da nake rubuta sunayen ɗalibaina na koyon tuƙi ne na juyo ta baya, don in ban rubuta wani abu ba ihu zan yi.

Yaya ne. Jiya da safe ina cikin mota da wata ɗaliba sai Anti, matarsa, ta kira ni. Ba abin da nake ji sai "kofin ya faɗi, kofin ya faɗi". Na ce to Anti, don kofi ya faɗi sai me? Ta ce ba kofin ba ne, shi ne, yana magana ba ta gane abin da yake cewa. Ban san inda na sauke ɗalibar nan ba, ban san hanyar da na bi ba.

Likita ya faɗi sunan abin. Ba zan rubuta shi a nan ba. Shekararsa arba'in da shida fa. Mutumin da ko sigari bai taɓa sa wa a baki ba, wanda kullum a ƙasa yake tafiya shagonsa na gyaran agogo. Shekaranjiya Lahadi muna tare a falonsa muna buga gem yana yi min dariya. Shekaranjiyan nan.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ya buɗe ido. Ya kalle ni, ban san ko ya gane ni ba.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ya gane ni. "Direba" ya ce, sunan da yake kirana tun da na fara aikin nan. Sai da ya maimaita sau uku kafin na ji, don bakin ya ɗan karkace. Na yi dariya na ce ai ko a da ma ba wani iya magana ka yi ba. Daga nan na fita bayan ɗakin na yi kukana.

Ƙafar da sauƙi, in ji su, za ta dawo. Hannun dama ne. Yana nan kwance a kan bargo kamar wani ne ya manta da shi a wurin. Hannun da yake ɗaukar sukurun da ni ko ganinsa ba na yi sai na kanne ido. Innalillahi. Na kasa daina kallonsa, shi kuma ya ƙi kallonsa ko sau ɗaya.

Likita ya ce makonnin farkon nan su ne komai. Hannun da aka tasa a gaba ana motsa shi yanzu yana iya dawowa, wanda aka bari kuwa yatsun za su naɗe, su ƙame a haka. Na rubuta ne don kada in manta, kamar zan iya mantawa.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

An sallame mu. Yana jan ƙafa da sanda, amma da kansa ya shiga gida.

Agogon bango goma sha ɗaya ne a falon Yaya, duk na mutanen da suka kawo gyara suka ƙi dawowa. Ranar Lahadi yake yi musu wani da makulli, to Lahadin jiya ba wanda ya yi. Takwas sun tsaya. Ya tsaya a bakin ƙofa yana bin su da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ya wuce ɗaki. Na hau kujera na yi wa babban agogon wani, mai reto ɗin nan, don shi kaɗai na san inda makullinsa yake.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe uku da rabi na yamma

Yana barci. Anti ta je sayo magani, ni ce mai tsaro. Na rasa abin yi, na kunna gem ɗin na kashe sautin. Kunya ta kama ni kamar mai sata, amma ban kashe ba.

Bari in rubuta labarin gem ɗin nan, ko zan huta da tunanin hannu na minti goma.

Sunansa na ainihi wani dogon Turanci ne, mu Mai Ƙwai muke ce masa. Wani ɗan ƙaramin mutum ne mai ƙatuwar hula, ƙwai ya faɗo daga sheƙa a saman wata tsohuwar hasumiya, shi kuma ya ɗora shi a ka zai mayar. Shi ke nan labarin. Hawa takwas. Yaya ya ce mutum biyu kacal suka yi shi, mata da miji, a ɗakinsu, shekara huɗu suna fama. Sabon gem ne, bara ya fito, amma da gangan suka yi shi irin na zamanin ƙuruciyarmu, na kaset ɗin da ake hura wa iska kafin ya kama. Hoton ɗigo-ɗigo, launi bai fi shida ba. Kiɗan ƙit-ƙit kamar agogon batir ya koyi rera waƙa. Yatsan hagu na tafiya, yatsan dama na tsalle, babu wani tarkace.

Amma Allah ya yi wa mutanen nan hannu. Fuskar ɗan mutumin ɗigo biyar ce ko shida, duk da haka in ka kai shi bakin rami sai ya leƙa ƙasa gwiwoyinsa su kama rawa. In ka taɓa maɓallin kaɗan ya yi ɗan tsalle, in ka danne ya yi dogo, kuma kullum daidai yadda ka danna, ba ƙari ba ragi. In ƙwan ya fashe, ba a yi maka wani surutu. Ya cire hularsa, ya tsaya jim, sai ga shi a farkon hawan da sabon ƙwai a ka. Ranar farko da na ga ya cire hular nan sai da na ce wayyo. Yaya yana cewa abin da ya sa yake son sa shi ne ba ya ƙarya, in ka mutu kai ka mutu, ba wanda ya cuce ka.

A hawa na biyar muka maƙale, ɗakin guduma. Gudumomi ne suke reto a kan hanya sai ka wuce tsakaninsu. Yaya ne ya gano cewa kowane reto daƙiƙa ɗaya ne cif. Har rufe ido yake yi ya bi bugun babban agogon bango yana tsalle, don dai ya ba ni haushi.

Rimot ɗaya gare mu, kamar yadda yake tun muna yara, kuma dokar ba ta canza ba tun ina 'yar shekara bakwai: in ka mutu ka miƙa. Shi ya kafa ta. Ni kuwa da zuciya, in na mutu sai in wurga masa rimot ɗin ko in tura masa da ƙafa. Sai ya ƙi ɗauka. Ya ce sai na ɗauka na miƙa masa da hannun dama ina kallon idonsa, don wanda ya mutu ba ya fushi da mai rai. Ya sha sa ni kuka a kan haka. Duk Lahadi bayan na yi aure, bayan auren ya mutu, bayan rasuwar Mama, ina nan a kujerar nan muna miƙa wa juna.

Ga motsinsa nan. Bari in kashe.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Mai gashin ƙashi ya zo, wani dogo mai haƙuri. Ya kawo 'yar ƙwallon roba ya ce Yaya ya matsa. Ya ce ya ɗaga hannun ya taɓa nasa. Yaya ya juya fuska bango. Minti arba'in bawan Allahn nan yana lallashi kamar mai ba yaro magani.

A waje ya ce min babban yatsan yana ɗan motsi, ya ji shi, akwai rai a hannun. Matsalar mai hannun ce. Ya ce shi zai iya lanƙwasa yatsun ya miƙe su, amma ba zai iya so a madadinsa ba.

Na koma ciki na ce, "Yaya, wai meye haka? Ƙwallo ce fa."

Ya ce, "Tafi aiki."

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Yau na ga abin da ya fi ƙarfina. Na shigo na tarar da akwatin kayan aikinsa a bakin ƙofa, na katakon nan mai aljihu-aljihu, da gilashin idon da yake maƙalawa da komai. Anti ta ce shi ya sa aka ɗauko daga shago, wai a kai wa maƙwabcinsa mai gyaran rediyo kyauta. Kyauta! Akwatin da ko ni bai yarda in taɓa ba. 

Anti tana hawaye ta ce, "Ke kika san shi, ki yi wani abu." Na ce kawo ni zan kai. Na saka shi a but ɗin motar makaranta na rufe. Mai rediyo zai daɗe yana jira.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na zo kamar kullum, don ban san inda ake zuwa ranar Lahadi ba in ba nan ba. Na kunna Mai Ƙwai, wannan karon da sauti, da gangan. Can sai ga ƙarar sanda. Ya fito ya zauna a kujerarsa, gefena na dama, yana kallo.

Sai a lokacin na tuna dokar. In na mutu fa? In miƙa masa, ya karɓa da me? In ƙi miƙawa, na gaya masa ke nan ya tashi daga aiki. Na koma hawa na ɗaya, mai sauƙin, ina tafiya a hankali kamar mai tuƙi a gaban 'yan sanda. Rabin awa ban mutu ba, gumi har cikin idona. Da na ga mun doshi wuri mai wuya sai na ce kai, batirin rimot ɗin nan ya yi sanyi, na kashe.

Ya yi min wani kallo. Fitilar rimot ɗin kore ce shar, mu biyun duk muna ganinta. Ya tashi ya koma ɗaki.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na samo dabara, kuma a wurin aiki na samo ta.

Motar koyon tuƙi tana da birki biyu, ɗaya a ƙafar ɗaliba, ɗaya a tawa. Sauran malaman in za su taka sai sun yi ihu kowa ya sani. Ni ba haka nake yi ba. A hankali nake takawa, in sa ƙafa in cire, ɗaliba ta ɗauka ita ce ta tsayar da motar. Sai in ce kin gani, ai kin iya. Shekara goma sha biyu ina haka, kuma da shi nake alfahari. Yau ma na yi wa wata nas da nake koya wa, wadda in ta hango babbar mota take sakin sitiyari ta kama salati. Ta fita tana murmushi.

Jiya ina latse-latse a cikin gem ɗin na ga ashe mata da mijin nan sun ajiye wani wuri na rangwame. Har da 'yar wasiƙarsu, wai sun san ba kowane hannu ne iri ɗaya ba, duk wanda yake so ya rage gudun wasan ya rage, ba abin kunya ba ne. Allah ya yi musu albarka. Na gwada, na rage kashi ɗaya cikin biyar. Ba ya nuna komai a allo. Komai yana nan, sai dai an ƙara maka ɗan numfashi kafin kowane tsalle.

In ya tsallake rami ɗaya da yatsan nan, ɗaya tak, zai yarda hannun bai mutu ba. Daga nan ƙwallon roba wasa ce.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe ɗaya da rabi na rana

Mai gashin ƙashi ya nuna min ƙananan yatsun biyu. Sun fara lanƙwashewa ciki. Ya miƙe su, ya saki, suka koma.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Ban san ta inda zan fara ba.

Na rage gudun tun kafin ya fito. Ya zo ya zauna. Na shiga hawa na biyar, na yi tsalle biyu, na jefa kaina rami da gangan. Ɗan mutumin ya cire hula. Na miƙa masa rimot ɗin.

Ya daɗe yana kallonsa. Sai ya karɓa da hagu ya ɗora a cinya. Ya kamo hannun daman da na hagun ya aza shi a kan maɓallin tsalle. Anti tana bakin ƙofar kicin ta toshe baki da gyale. Ya tafi. Ramin farko, yatsan ya motsa, ɗan mutumin ya tashi ya sauka a ɗaya gefen, ƙwai lafiya lau. Na yi ihu. Rami na biyu ma ya wuce. Wallahi na ga gefen bakinsa mai lafiyar ya ɗaga, rabona da ganin haka tun ranar biyu ga wata.

Sai ɗakin guduma. Ya kai ɗan mutumin bakin ƙofa ya tsayar. Na ce, "Wuce mana, Yaya." Bai wuce ba. Ya kalli gudumar farko tana reto. Ya ɗaga kai ya kalli babban agogon bango. Ya dawo kan gudumar. Ya sake komawa kan agogon. Agogon da ni da hannuna na hau kujera na yi wa wani.

Ya ce, "Yana latti."

Na ce me?

"Gudumar. Tana latti." A hankali yake fitar da kalmomin, ɗaya-ɗaya, amma yau ban buƙaci ya maimaita ba. "Nawa kika rage?"

Na ce ni ban taɓa komai ba. Ƙarya ta biyu ke nan a sati ɗaya, ga mutumin da ya goya ni.

Ya ce, "Biyar ɗinta, shida na agogo. Nawa kika rage?"

Na faɗa masa. Da ma ya jefe ni da rimot ɗin da ya fi min sauƙi. Ajiye shi ya yi a kan tebur a hankali, ya ɗauke hannun daman ya mayar cinya, ya rufe shi da na hagun. Ya ce, "Ni ɗalibinki ne?"

Na fara cewa Yaya don Allah ka tsaya ka ji. Ya ce, "Fita."

Shekara talatin da tara ina shiga ɗakinsa ina fita, na fasa masa abubuwa, na zage shi, na taɓa sayar da kekensa ba da saninsa ba. Bai taɓa ce min fita ba sai yau. Kuma ni na rubuta a littafin nan, shafi huɗu baya, cewa da bugun agogo yake wuce gudumar. Ni na rubuta! Wace irin ƙwaƙwalwa gare ni?

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Ni ɗalibinki ne.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na je. Anti ta tare ni a bakin ƙofa tana sunkuyar da kai, ta ce ya ce yana barci. Ina jin tarinsa daga falo. Ta ce ya kuma ce a gaya wa mai gashin ƙashi kada ya ƙara zuwa.

Da ina zaune lafiya da ban taɓa komai ba, aƙalla da mutumin yana zuwa yana miƙe yatsun. Yanzu ko wannan babu. Ni na jawo.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Ina cikin mota, na faka a bayan makaranta. 

Nas ɗin nan ce. Mun zo kwana, ta shigo da gudu, na sa ƙafa a hankali kamar kullum, mota ta lafa. Na ce kin gani, ai kin iya. Sai ta kashe motar ta juyo ta ce, "Malama, don Allah in faɗa miki wani abu ba za ki ji haushi ba? Ina jin ƙafarki fa. Birkina yana nutsewa da kansa in kin taka. Duk mun sani, har hirarki muke yi a benci."

Na ce duk ku wa?

Ta ce duk ɗalibanki. Ta ce sun san don alheri nake yi, shi ya sa ba wadda ta taɓa faɗa. Ta ce, "Amma ni shi ya sa har yau nake tsoro. Ban san ko na iya tsayar da mota ba, tunda ban taɓa tsayar da ita ni kaɗai ba."

Shekara goma sha biyu. Ina ta yi musu kallon yara, ashe su suke lallaɓa ni. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na naɗe ƙafafuna a ƙarƙashin kujera na ce to tayar, mu koma filin baya. Ta take tayoyin da muke jerawa sau biyu. A na ukun ta tsaya daidai layi, ta kifa kai a sitiyari tana dariya tana kuka.

Tunda yau ranar jin gaskiya ce, bari in rubuta wadda nake ta kewayewa. Ranar Lahadin ƙarshe, biyu ga wata, na mutu a ɗakin guduma na miƙa masa. Ya karɓa, ya yi tsalle ɗaya, ya ce, "Direba, yatsan nan nawa ya yi nauyi yau." Ya yarfa hannun. Na ce tsufa ne, ka miƙo wa masu jini a jika. Na ƙwace rimot ɗin ina masa dariya. Likita ya ce wani lokacin abin yakan yi sallama kafin ya shigo. Bai san ni aka yi wa sallamar ba.

Tun ranar nake neman abin da zan yi in biya. Shi kuma ba abin da ya roƙe ni.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Anti ta kira. Mai rediyo ya zo dubiya, Yaya ya tambaye shi ko kayan sun yi masa amfani, mutumin ya ce wane kaya? Yanzu ya ce a gaya min in kawo masa akwatinsa ranar Lahadi. Na ce Anti, ranar Lahadi ya ce, ko ke kika ƙara? Ta ce shi ya ce.

Lahadi, 30 ga wata, ƙarfe bakwai da kwata na yamma

Na shiga da akwatin na dire a kan tebur. Yana kujerarsa. Ya rame. Ƙananan yatsun sun ƙara shigewa ciki, na gani, na ɗauke ido, sai kuma na mayar na kalla sosai, don na gaji da ɗauke ido.

Na ce, "Ga kayanka, ni na ɓoye. Batirin rimot ma lafiyarsa ƙalau ranar nan. Kuma ranar da ka ce yatsanka ya yi nauyi na yi maka dariya, da na kai ka asibiti a ranar da wataƙila ba haka ba. Ka yafe min ko kada ka yafe, amma na daina yi maka ƙarya."

Ya ce, "Ni ma dariya na yi ranar." Shi ke nan abin da ya ce a kai.

Na kunna gem ɗin. Na buɗe wurin rangwamen a gabansa, na mayar da gudun yadda yake, ya gani da idonsa. Na shiga hawa na biyar na buga da gaske, iya ƙarfina, har ina cije leɓe. Na wuce guduma huɗu. Ta biyar ta make ni, ƙwai ya tarwatse, ɗan mutumin ya cire hula. Na juya na miƙa masa da hannun dama ina kallon idonsa.

Ya kalli allon, ya kalli agogon bango, ya bar gudumar ta yi reto kamar sau goma yana lissafi. Sannan ya karɓa.

Daƙiƙa uku ya yi. Ramin farko ma bai tsallake ba, yatsan ya makara, ya faɗa. Anti ta ce wayyo daga kicin. Ni ban ce ai ka yi ƙoƙari ba, duk da maganar tana bakina.

Ya ɗauki rimot ɗin da hagu ya miƙo min.

Ban san daga inda abin ya zo min ba. Na harɗe hannuwana a ƙirji na ce, "Da wane hannun?"

Anti ta ce, "Ke!" Shi kuwa ya yi min kallon da na ɗauka zai sake cewa fita. Na ce, "Ba ni na kafa dokar ba. Ina 'yar shekara bakwai ka sa ni kuka a kanta."

 Ya sauke rimot ɗin a cinya. Ya tura shi cikin hannun daman, ya matse yatsun a kai da na hagun, sannan ya janye na hagun ya ajiye shi a hannun kujera. Ya fara ɗagawa. Kafaɗar ce take aikin, gwiwar hannun tana rawa, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ɗaga kamar taƙi ɗaya rimot ɗin ya suɓuce ya faɗo cinyarsa. Na ji ƙafata ta dama tana danna ƙasa tana neman birki. Na zauna a kan tafukana don kada su kai masa.

Ya sake. Ya sake faɗuwa. A na ukun babban yatsan ya kama gefen rimot ɗin ya riƙe. Tsakanin kujerarsa da tawa bai fi kamu biyu ba, amma agogo ya buga arba'in da ɗaya kafin hannun ya iso. Ban matso ko kaɗan ba. Sai da robar ta taɓa hannuna sannan na buɗe tafi. Gumi ya jiƙa masa riga, yana haki, yana kallon cikin idona.

Ya ce, "Karɓi. Ki mutu da wuri."

Litinin, 31 ga wata, ƙarfe tara na safe

Sau goma sha huɗu ya mutu jiya, sau goma sha huɗu ya miƙo. Ramin farkon bai tsallaku ba har na tafi. Anti ta ce da safen nan ya tambaya ko ranar Alhamis dogon nan mai gashin ƙashi yake zuwa ko Laraba. Akwatin yana kan tebur inda na ajiye shi, ta zo ɗaukewa za ta goge wurin ya ce ta bar shi a nan.